Yadda Ake Tuƙi Cikin Hazo da Sanyin Hunturu a Hanyoyin Bauchi da Gombe

Daga ƙarshen Nuwamba zuwa cikin Maris, iskar da ke kaɗa mu daga arewa maso gabas take zuwa, busasshiya, ɗauke da ƙurar Sahara. Kaso mai yawa na ƙurar nan daga wani busasshen kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele. Idan iska ta kwashe ta a can, kwana ɗaya ko biyu sai ka wayi gari a Bauchi ka nemi duwatsun da ka saba hange ka rasa. Da rana zafi na iya kaiwa digiri 30, da asuba kuma ya sauko ƙasa da 15, in ka hau Jos ma ya fi haka sauka. Iyakar abin da direba ke buƙatar sani game da yanayin ke nan.

Na daɗe ina bin hanyar Bauchi zuwa Gombe, da ta Jos, da ta Yola, kuma sabon direban da hunturun bana ne na farkonsa a kan doguwar hanya nake yi wa wannan bayani. Duk abin da zan faɗa a kan abu biyu ya tsaya: kada ka yi gudun da ba za ka iya tsayawa a cikin iyakar abin da idonka ke gani ba, kuma ka tabbata wanda ke gabanka da wanda ke bayanka suna ganinka.

Kayan da za ka tanada

Jarkar ruwa mai lita 4 ko 5 don gilas da lagireto, daban da ruwan sha. Tsumma biyu masu laushi, ɗaya na jiƙawa, ɗaya busasshe. Tsohuwar singileti ta auduga ta wadatar. Alamar tsayawa mai kusurwa uku, in da hali guda biyu. Tocila mai ƙarfi. Wayoyin haɗa batir masu kauri, domin siraran nan na araha zafi kawai suke ɗauka ba sa tada mota. Safaya mai iska a ciki, da jak, da wilsifana. Abin kashe gobara wanda allurarsa ke kan kore. Ɗan gejin auna iskar taya. Ƙwan fitila da fiyus na ajiya.

Na jiki kuma: bargo, rigar sanyi, hular sanyi, safar ƙafa, takunkumi, man kaɗe ko basilin, da filas na shayi. A 'yan gwanjon kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal a Bauchi za ka haɗa kayan sawar nan ba tare da aljihu ya girgiza ba, musamman in ka riga mutane saye tun sanyi bai kankama ba. Ka caja wayarka, ka kuma ajiye lambar 122, wadda ita ce lambar gaggawa ta kyauta ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa.

1. Duba motar tun ana gobe tafiya

Fara da batir, don shi ne ke fara tona asiri idan sanyi ya shigo. Sanyi yana rage masa ƙarfi, a daidai lokacin da baƙin mai ya yi kauri injin yana neman ƙarin ƙarfi kafin ya juya. Kai wa mai gyaran wuta ya ɗora masa mita: batir mai cikakken caji yana nuna kusan volt 12.6 idan mota na kashe, idan tana kunne kuma wajen 14. Wanda ya nuna ƙasa da 12 a kashe zai kwana da kai a hanya. In ka ga farin gari ya taru a kawunansa, cire wayoyin, ta baƙi tukuna, ka goge su tas, ka mayar ka ɗaure tamau, ka shafa musu ɗan basilin.

Sai matatar iska, wadda makanikai ke cewa iya filta. A hunturu takan cika da ƙura cikin 'yan makonni, mota ta riƙa shan mai tana nauyin tashi. Buɗe gidanta ka ciro ta, ka ɗaga ta saitin rana. In haske na ratsawa, bubbuga ta a hankali ka mayar. In za a hura mata iska a wajen mai faci, a hura daga ɓangaren da ke da tsabta, ƙurar ta koma ta inda ta shigo. Ta takarda ba a wanke ta da ruwa, balle da fetur. Kuma duk wanda ya ce maka a cire ta gaba ɗaya mota ta samu numfashi, ka gode masa ka canza makanike: ƙurar da za ta wuce ciki ita za ta cinye ringin injin.

Taya a auna ta da safe kafin mota ta yi tafiya. Adadin iskar da ta dace yana rubuce a jikin ƙofar direba ko murfin tanki, ba abin da mai faci ya ji da ɗan yatsa ba. Sanyi na sa iska ta ragu kaɗan, shi ya sa tayar da ka bari lafiya da yamma za ka iya ganinta ta ɗan kwanta da asuba. Dubi zanen tayar, in ya kusa shafewa ta gama aiki. A gefenta akwai lambobi huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. 2321 na nufin mako na 23 na 2021. Tsohuwar taya mai tsattsagewa a gefe, ko da zanenta na nan, ba ta doguwar hanya ba ce.

Akwai wata al'ada da zan ɗan tsaya a kanta. Motoci da yawa da ke yawo a garuruwanmu an cire musu tamostat, an kuma toshe bututun hita, wai ƙasarmu ƙasar zafi ce. An ƙera injin ne ya yi aiki a kusan digiri 90, kuma tamostat ne ke riƙe ruwa har injin ya kai wannan zafin. In babu shi, da safiyar hunturu za ka iya kaiwa Alkaleri allurar zafi ba ta ɗaga ba, motar tana ta zuƙar mai a banza. Hitar kuma ita ce za ta busar maka da gilas idan ya yi gumi. In naka an cire, a mayar. Duba ruwan lagireto injin na sanyi, kada ka taɓa buɗe murfin nan da zafinsa.

Daga nan ka sa wani ya tsaya a waje ka bi fitilu ɗaya bayan ɗaya: dim, ful, sigina ta dama da ta hagu, danjar baya, ta burki, ta ribas. In kai kaɗai ne, ja motar da baya kusa da bango da daddare ka taka burki, za ka ga jan hasken a madubi. Robar waifa kuma in ta bushe tana barin layi-layi, canza ta. Cika tankin ruwan waifa, ka ɗiga sabulun ruwa kaɗan. Garin sabulu yana toshe 'yan ƙofofin fesawa.

2. Zaɓi lokacin tashi

Hukumar Kula da Yanayi ta Ƙasa, NiMet, tana fitar da gargaɗin hazo, gidajen rediyo na karantawa. Ranar da ka ji an ce ganin nesa zai sauka zuwa mita 1,000 ko ƙasa, irin ranar da jirage ke fasa sauka ke nan, kai ma ka sake lissafi. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce ka leƙa tasha ka tambayi direban da ya shigo yanzu daga inda za ka. Shi ya ga hanyar da idonsa.

Sammakon da muka saba, a yi asuba a kama hanya, a hunturu ba na ba da shawararsa. Duhu ga hazo ga barci bai gama sakin kowa ba, kuma lokacin ne manyan motocin da suka kwana a bakin titi suke nan ba fitila. Bari gari ya waye sosai. Ka kuma lura da inda rana take: mai zuwa Gombe daga Bauchi gabas ya nufa, don haka hantsi a idonsa zai fito, mai dawowa da la'asar sakaliya shi ma ita zai fuskanta, haka mai hawa Jos da yamma. Rana a ƙasa-ƙasa, ga ƙura a iska, ga ƙura a gilas, sai gabanka ya zama fari fat. Tsakanin ƙarfe 9 na safe da 4 na yamma shi ne lokacin da na fi so. Bauchi zuwa Gombe wajen kilomita 150 ne, ba tafiyar da za ta sa mutum ya yi dare ba ce in ya tsara. Ƙara wa kanka akalla rabin awa a kan lokacin da ka saba, ka faɗa wa na gida sa'ar da za su sa ran isarka.

3. Tada mota da sanyin safiya

Kashe fitila, rediyo da fanka tukuna. Murɗa makulli fitilun dashbod su kama, ka ɗan saurara, sannan ka tada. In mai giyar hannu ce, taka kuloci. In dizal ce, jira fitilar nan mai kamar naɗaɗɗiyar waya ta mutu kafin ka murɗa. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10. In ba ta tashi ba, huta rabin minti ka sake.

Da ta tashi, ka bar ta minti ɗaya ko biyu, ka ja a hankali har allurar zafi ta fara ɗagawa. Banka mata totur tana sanyi, kamar yadda yaran gareji ke yi don a ji ƙara, ɓarna ce, domin mai bai gama zagaya injin ba.

In batir ya gaza, ga yadda ake haɗawa: jar waya a kan alamar tarawa ta mataccen batir, ɗaya bakin a alamar tarawa ta mai rai. Baƙar waya a alamar ɗebewa ta mai rai, ɗaya bakin kuma a jikin wani ƙarfen injin motar da ta mutu, nesa da batir. Tada mai ran, a jira minti biyu ko uku, sannan a gwada. Wajen cirewa a bi ta baya. In babu wayoyi kuma giyar hannu ce, a tura: makulli a buɗe, giya ta biyu, kuloci a take, in ta ɗau gudu ka saki. Otomatik ba a tura ta. Hura wuta a ƙarƙashin injin don ya ji ɗumi, ko watsa fetur a bakin shan iska, kada ka bari a yi maka ko da wasa.

4. Wanke gilas yadda ya kamata

Kuskuren da kusan kowane sabon direba ke yi shi ne ya shiga mota ya kunna waifa a kan busasshiyar ƙura, ko ya sa hannun riga ya share. Ƙurar nan yashi ce mai laushi, tana kankare gilas. Ba za ka ga illar ba sai ranar da fitilar wata mota ta haske ka da dare, ka ga hasken ya watsu ko'ina. Kwara ruwa daga sama tukuna ƙurar ta gangara, sannan jiƙaƙƙen tsumma, sannan busasshe. Ka yi wa gilas ɗin baya, madubai, da murafen fitilu gaba da baya. Danjar da ƙura ta rufe ba ta da maraba da wadda ta mutu. Cikin gilas ma a goge, yana tara wani dusu-dusu da ba a lura da shi.

A kan hanya, duk inda ka tsaya shan mai ko salla, sake zagaya fitilun da tsumma.

Ga wata matsala da ke rikita mutane. Saboda ƙura za ka rufe tagogi ka danna maɓallin da ke juya iskar cikin mota. Da mutum biyar a ciki suna numfashi da sanyin safiya, nan da nan gilas zai yi gumi ta ciki. Maganinsa: juya iska ta hura gilas, kunna esi tare da hita, ka saki wancan maɓalli iskar waje ta shigo. Esi ne ke tsotse laimar. In motarka ba esi, sassauta tagogi biyu kamar faɗin yatsa biyu, na gaba ɗaya na baya ɗaya, yaron mota ko wanda ke gefenka ya riƙe busasshen tsumma. Kai dai hannunka na kan sitiyari.

5. Kunna fitila, ko da rana tsaka ce

Dim za ka kunna. Ful a cikin hazo yana dukan ƙurar ya dawo maka ido, ya kuma makantar da mai tahowa. 'Yan ƙananan fitilun fakin ba sa isa. In motarka na da fitilun hazo na ƙasa, haɗa da su. Wasu za su yi ta yi maka alama da hannu wai ka manta fitila a kunne. Ɗaga musu hannu ka wuce. Da rana fitilar ba don ka ga hanya ba ce, don direban tirelar da ke shirin fitowa ya wuce wata tirelar ya hango ka tun da nisa.

Masu motocin zamani su lura: fitilar da ke kunna kanta duhu take ji, ba ta jin hazo. Kana iya tafiya gabanka da ɗan haske, bayanka duhu. Murɗa ta da hannunka.

Sigina biyu kuwa, wadda mutane ke kunnawa su yi ta tafiya da ita, ni ban yarda da ita ba sai a wuri biyu: idan ka tsaya, ko idan ka ci karo da cunkoso ka rage gudu farat ɗaya kana son na baya ya farga. In ka bar ta a kunne kana tafiya, na bayanka bai san ko tsaye kake ba, kuma ranar da za ka kauce wa rami ba ka da siginar da za ka ba shi.

6. Auna gudunka da abin da kake gani

A doka, ƙaramar mota ta gida iyakarta kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen titi na gudu. Wannan na ranar da gari yake garau ne. A hazo lissafin daban ne.

Motar da ke gudun 100 tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Mai 60 tana cin kusan 17. Kafin idonka ya gani, ƙwaƙwalwa ta gane, ƙafa ta bar totur ta hau burki, daƙiƙa ɗaya ta wuce ko fiye. A gudun 80, a busasshiyar kwalta da taya mai kyau, kana buƙatar sama da mita 50 kafin ka tsaya cak. A gudun 100 abin ya doshi 80. Ƙara lodi, ƙara gangara, ƙara tsohuwar taya, tazarar ta ƙaru.

To yaya za ka san mita nawa kake gani, alhali ba ka da abin awo? Zaɓi abu mafi nisa da idonka ya fara kamawa a cikin hazon, bishiya ce, falwaya ce, ko allon hanya. Fara ƙirga a natse: dubu da ɗaya, dubu da biyu, dubu da uku, har ka iso shi. In ka iso kafin ka kai biyar, gudunka ya yi yawa, sassauta ka sake gwadawa. Ka riƙa maimaita wannan, saboda hazo ba kauri ɗaya gare shi ba. A kwari da bakin kogi, irin wajen gadar Dindima, da safe yakan fi taruwa.

Ka riƙa duban allurar gudu ma. Idan gefen hanya ya ɓace, ido ba ya samun abin da zai gwada gudu da shi, sai ka ji kamar a 60 kake alhali ka haura 90. Wanda bai taɓa shiga ba zai ɗauka zance ne.

Fasinja za su yi magana, wannan tabbas ne. Wani zai ce "Direba, yau kuma amarya muka ɗauko?" Ka yi dariya ka ce "Alhaji, a yi haƙuri, gara a ce mun makara." Kada ƙafarka ta amsa masa.

7. Tazara, da wuce mota

A ranar lafiya ana barin daƙiƙa biyu zuwa uku tsakaninka da na gaba. A hazo ninka. Idan ya wuce wata alama, ka ƙirga, kada ka iso ta kafin biyar.

Akwai jarabar manne wa danjar motar gaba, don tana ba ka natsuwa kamar an samu ɗan jagora. Haɗarin shi ne duk abin da ya afka wa, kai ma ka afka. In kuwa wani ne ya manne maka a baya yana ta fitila, kada ka ƙara gudu don shi. Samu wuri mai faɗi ka ba shi hanya.

Yawancin hanyoyin nan namu falle ɗaya ne, mai zuwa da mai dawowa, ga tireloli da tankoki da motocin siminti daga Ashaka. Wuce tirela ɗaya na iya cin daƙiƙa 10 ko fiye kana hannun da ba naka ba, kuma mai tahowa shi ma da nasa gudun yake cin tazarar. Ke nan kana buƙatar ganin mita ɗaruruwa a sarari. In ba ka gani, zauna a bayanta. Direban babbar mota yakan ba ka sigina wai hanya lafiya. Ka gode, amma kada ka fita sai idonka ya tabbatar, domin shi ma hazon nan yake kallo. A kwana, a kan gada, a hawan da ba ka ganin bayansa, irin hawa da kwane-kwanen da ke tsakanin Toro da Tilden Fulani ko wajen Kaltungo, ba a ma fara tunanin wucewa.

Wajen riƙe hanya, bi gefen damanka da ido, farin layi in akwai, bakin kwalta in babu. Kada ka bi layin tsakiya, don mai tahowa ma shi yake lalube.

8. Hayaƙi, yashi, shanu

Rani lokacin ƙunar daji ne. Za ka hango hayaƙi ya gitta titi, ba ka san abin da ke cikinsa ba. Rage gudu tun kafin ka shiga, rufe tagogi, yi ham. In harshen wuta ya kai bakin kwalta, tsaya daga nesa ka jira, musamman in akwai tankar mai a kusa ko jarkar fetur a but ɗinka, wadda dama bai kamata tana ciki ba.

Yashin da iska ke sharowa kan kwalta, galibi a kwana da inda hanyar ƙauye ta haɗu da titi, yana sa taya ta sulɓe. Rage gudu kafin kwanar, ba a tsakiyarta ba. In ka ji bayan mota ya fara zamewa, ɗaga ƙafa daga totur, ka dubi inda kake son zuwa ka juya sitiyari can a hankali. In motarka na da ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa idan an danne burki, kuma dole ka tsaya, danne burki ka riƙe. Karkarwar da za ka ji a ƙafa aikinsa yake yi, kada ka saki. In babu, taka ka sassauta, taka ka sassauta.

Lokacin ne kuma makiyaya ke gangarawa neman ruwa da ciyawa. Farar saniya a cikin farin hazo sai ka zo daf. Ka ga ɗaya ta tsallaka, ka ɗauka akwai garke a bayanta. A garuruwan bakin hanya ranar kasuwa, mutane sun naɗe kai da kunne da rawani da mayafi saboda sanyi, ba lallai su ji ham ɗinka ba. Haka 'yan makaranta da almajirai da safe.

In kuma ka ga ganye ko reshe an jera a kan titi, alamar mota ce ta lalace a gaba. Tun daga ganyen farko ka sauke gudu.

9. Idan dole ka tsaya

In hazo ya kai ba ka ganin tsawon mota uku ko huɗu, nemi gidan mai, tasha ko filin masallaci ka shiga. In lalacewa ce ta kama ka, yi iya ƙoƙari ka sauka daga kwalta gaba ɗaya. Kunna sigina biyu. Fitar da kowa ta ƙofar da ba ta kallon titi, su matsa can cikin gona, kada su tsaya a bayan mota ko gabanta suna ba da shawara. Kai alamar kusurwa uku baya akalla taku 50, a hazo ma 100, kana tafiya a gefen hanya kana fuskantar motoci. In ba ka da ita, ganyen nan dai shi ne, ka jera da nisa, amma idan ka gama ka kwashe. Duwatsun da ake tare taya da su a bari a kan titi sun jefa masu babur da yawa cikin wahala.

10. Jikinka da na fasinja

Riguna biyu ko uku marasa nauyi sun fi ƙatuwar riga ɗaya, saboda zuwa azahar za ka so ragewa. Bel ya kwanta a jikinka, kada ya hau kan tulin kaya. Hitar da ta yi yawa tana kawo gyangyaɗi. Da ka fara hamma, sassauta taga, in ta ci gaba ka tsaya ka wanke fuska. Maganin mura da yawa na sa barci, karanta takardarsa ko ka tambayi mai kemis kafin ka sha ka hau sitiyari. Sha ruwa ko ba ka jin ƙishi, iskar nan tana busar da mutum bai sani ba. Shafa man kaɗe a leɓe, hannu da diddige tun kafin faso ya buɗe. Wanda ya yi haɓo ya sunkuyar da kai gaba, ya matse tattausan wurin hancinsa minti 10; ɗaga kai sama jinin yake turawa maƙogwaro. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa a aljihu, ba a jakar da ke but ba. Mai sikila, jariri da tsoho a rufe su da kyau, a ba su kujerar da iska ba ta bugawa.

Mai babur shi ya fi kowa shan jaura. Hular kwano mai gilas, safar hannu, takunkumi, da riga mai haske a sama. Yatsun da suka ƙage ba sa kama burki da wuri, don haka ka riƙa tsayawa kana murza su.

In dare ya yi maka a hanya, kada ka kwana a mota da injin a kunne da tagogi a rufe. Hayaƙin salansa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma salansar da ta huje tana turo ta cikin mota. Irin iskar ce gawayi ke fitarwa. Kaskon wuta a ɗaki rufe yana kashe mutane a cikin barci, haka janareto a kusa da taga ko a zaure. A ji ɗumin a waje ko da taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta. In mutanen ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai, jiri da tashin zuciya a tare, a fitar da kowa iska nan take, a wuce asibiti.

11. Ga wanda tafiya za ta kai ƙasar ƙanƙara

Titunanmu ba sa daskarewa, amma yaranmu na tafiya karatu da aiki Ingila, Kanada, Rasha da Amurka, kuma can abin ya wuce hazo. Ruwa na daskarewa a digiri 0, kuma a kan ƙanƙara tazarar tsayawa na iya ninka ta busasshiyar kwalta har sau 10. Mafi sharrinta ita ce siririyar nan da ba a gani, titi ya yi kamar jiƙewa kawai ya yi. Gadoji da wuraren inuwa su ke fara kamawa. Akwai tayoyin sanyi na musamman da ake sawa idan yanayi ya sauka ƙasa da digiri 7, a lardin Kebek na Kanada ma doka ce daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Ruwa zalla ba ya zama a lagireto ko tankin waifa, sai wanda aka haɗa da maganin daskarewa. Gilas kankare shi ake yi da abin kankarewa na roba, ruwan zafi na iya fasa shi. Tashi a hankali, da giya ta biyu in ta hannu ce, kuma totur, burki da sitiyari kowanne a taɓa shi sannu, ɗaya bayan ɗaya. Abin da na faɗa a kan yashi shi ne a nan ma idan mota ta zame. Wanda dusar ƙanƙara ta rutsa da shi ya zauna a cikin motarsa, ya kira agaji, ya riƙa kunna injin kamar minti 10 a kowace awa don ɗumi, da taga a ɗan buɗe, kuma kafin kowace kunnawa ya fita ya tabbata dusar ba ta toshe bakin salansa ba.